Kaset Mai Jan Ƙyalle

Gulmarri, Afrilu 2002

Zuwa ga ƙanwata Glenys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan da sauƙi. Ƙafata ce ta kumbura saboda zaman makoki a ƙasa. Malamar asibiti ta ce in riƙa ɗaga ta, na ce mata to, ta samo mini mai ɗaga sauran jikin. Katinki na ta'aziyya ya iso a jirgin wasiƙu, na gode. Na san ruwa ya rufe hanya, ban sa ran ganinki ba.

Ni da ke ba mu haɗu ya fi sau uku ba, amma kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, duk da an ɗauke taki tana ƙarama an kai ta gidan mishan. Don haka ke ƙanwata ce, ko kin so ko kin ƙi, kuma yau ina da buƙata a wurinki.

Ranar Juma'a ina tsaye a kanti ina jiran fulawa da ganyen shayi, talabijin ɗin saman firji a kunne, an kamo tasharku ta Brolga. Kawai sai ga shi, ɗana. Jar rigarsa, jita a wuya, yana dariyar nan tasa ta gefen baki. Mata suka zubar da sayayya suka fice suna kuka. Matarsa Loretta, da cikinta wata bakwai, ta durƙusa a bakin ƙofa ta toshe kunnuwa. Ni kuwa na kasa motsi har sai da Kawu Horace ya fizge wayar daga bango. Ya dube ni ya ce, "Rosina, ba 'yar'uwarki ce ke aiki a wurin nan ba? Ko su can birni ba a mutuwa?"

Na ɗauki fulawata na fita, don ban san wa zan kare ba.

Kin san yadda muke. Wanda ya tafi ba a kiran sunansa, ba a kallon fuskarsa, ba a jin muryarsa, sai dangi sun ce lokaci ya yi. Ki cire kaset ɗin nan da kuka ɗauka a filin ƙwallonmu bara waccan da rani. Ki ajiye shi inda ido ba zai sauka a kansa ba, amma kada ki jefar. Hotunansa na gida duk sun tafi wuta tare da kayansa. Duk duniya babu inda fuskar ɗana da muryarsa suka rage sai cikin wannan kaset.

Yayarki,
Rosina

Darwin, Mayu 2002

Yaya Rosina,

Na gaishe ki, ya ƙarin haƙuri, ya ƙafa? Mu nan lafiya, sai zafi. Wasiƙarki ta sa ni kuka a ofis, har Stavros mai kula da na'urorinmu ya ɗauka wani nawa ne ya rasu. Na ce masa e, nawa ne.

Ki yafe mana. Labari bai iso ɗakin watsa shiri da wuri ba. Yanzu na ɗaure kaset ɗin da jan ƙyalle da hannuna, na sa shi a kabad ɗin ƙarfe da ke ɗakin sanyi, na kulle. Mabuɗin yana wuyana.

Ki gaya wa Kawu Horace mu ma a birni ana mutuwa, kuma wannan tasha ba ta baƙi ba ce. A tsohon garejin gyaran mota aka fara ta, da kyamara biyu na aro da mota ɗaya da sai an tura. Kafin mu, wa ya taɓa ganin baƙar fuska a talabijin tana waƙa da harshenta? Muna bin garuruwa muna ɗaukar samari a filin ƙwallo, karnuka na ratsawa, janareto na tari. Ranar Juma'a kuwa shirin gaishe-gaishe, wasiƙu buhu guda, kowa na so a sa wa masoyiyarsa waƙa ba tare da an faɗi sunansa ba, alhali duk garin sun san shi. Ni a nan na fara jin harshen kakata, Yaya, a bakin mawaƙa.

Abin da ke damuna kabad ɗin nan ne. Da na fara aiki kaset huɗu ne a ciki. Yanzu sai na danna da gwiwa yake rufuwa. Ba mawaƙi kaɗai ba, ko a cikin 'yan kallo kyamara ta kamo wani ya zo ya rasu, kaset ya tafi kabad ke nan. Kuma kin san yadda mutanenmu ke tafiya da ƙuruciya.

Na ƙara yin wani abu da na san zai kwantar miki da hankali. Kin san ɗan kiɗan jitar nan da ke tashi duk lokacin da tsuntsun alamar tasharmu, brolga mai dogayen ƙafafu, ya fito yana rawa tsakanin waƙa da waƙa? Na duba na ga ashe yaronki ne ya kaɗa mana shi a wancan zuwan. Nan take na sa Stavros ya goge shi daga na'ura, muka sa ƙarar ganga a madadinsa. Ba za ki ƙara jin komai nasa ba.

Ƙanwarki,
Glenys

Gulmarri, Yuli 2002

Glenys,

Muna lafiya. Loretta ta sauka, mace, an sa mata Keziah. Goshin ubanta ne sak.

Wa ya aike ki?

Na ce miki kaset, ban ce miki kiɗa ba. Kina tsammani ban san hannun ɗana ba? Na san shi tun ranar farko. Kawu Horace ma ya sani, duk garin nan sun sani, kuma babu wanda ya ce uffan, don babu fuska a ciki, babu murya, babu suna. Kowa ya kau da kai ya bar mini shi. Da yamma nakan je bayan kanti kamar mai neman inuwa, in jingina da bango, in jira tsuntsun nan ya fito. Abin da ya rage mini ke nan, kuma ba wanda na cutar.

Jiya na je na jingina, sai na ji ganga. Ganga, Glenys, kamar ana kiran yara makaranta.

Wannan ita ce matsalarku ku da kuka tashi a birni. Kun ji al'ada daga nesa, kun riƙe ta da ƙarfi fiye da masu ita, don a ce ku ma 'yan gida ne. Abin da ya shafi mamaci ba a yanke shi a ofis. Tambaya ake yi, a jira. Daga yau kada ki ƙara sa hannu a kan wani abu na ɗana, ko don alheri ne, sai kin ji daga bakinmu.

Rosina

Darwin, Satumba 2006

Yaya Rosina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya Keziah, na san yanzu ta isa surutu. Ni hawan jini ya sa ni gaba, an hana ni gishiri, abinci ya koma kamar ana cin kwali. Shekara huɗu ban rubuto ba. Ba fushi na yi ba, kunya ce, kuma maganarki ta ƙarshe har yau tana nan inda ta sauka.

Idan kina kunna tasharmu kin ga yadda ta koma. Gwamnati ta janye tallafi, aka haɗa mu da wani kamfani na kudu. Suka turo mana manaja, wani Craig, mai gajeren wando da doguwar magana. Ranar da ya iso ya tsaya gaban kantar kaset ya ce, "Su ke nan waƙoƙinku? Kullum guda arba'in kuke juyawa?" Na nuna masa kabad na ce sauran suna can. Ya ce, "To a buɗe mana." Na ce masa masu waƙoƙin sun rasu. Ya yi dariya ya ce, "Glenys, rabin mawaƙan da duniya ke saurare matattu ne, su suka fi kawo kuɗi ma." Stavros ne ya ja shi waje kafin in faɗi abin da zai raba ni da aiki.

Tun daga nan ya cike gurbin da waƙoƙin Amurka, daga baya ya ga su ma da tsada, ya koma shirin kamun kifi da na gyaran gida da tallan katifa. An soke gaishe-gaishen Juma'a, wai samari sun koma aika wa juna saƙo ta waya. Tashar waƙa, Yaya, amma sai ki wuni ba ki ji jita ba. Kowa na cewa waya ce ke kashe mu. Ni da ke riƙe da mabuɗin kabad na san makabarta ta riga waya.

Ga dalilin wasiƙata. Kaset ba ya daɗewa, musamman a wannan damshin namu. Kamfani ya yi hayar wata na'ura da ke kwashe abin da ke cikin kaset ta zuba a kwamfuta, inda ba ya ruɓewa. Waɗanda ba sa cikin kabad kawai suka biya a kwashe, amma Stavros ya ce zai yi mini na kabad a ɓoye, ba ko sisi. Sai dai dole wani ya zauna ya kalla ya kuma saurara yayin da ake kwashewa. Wato Stavros, baƙo, zai ga fuskarsa. Ba za a nuna wa kowa ba, ba za a watsa ba, Craig ma ba zai sani ba.

Kin ce in tambaya in jira. Ga shi na tambaya. Na'urar tana nan har ƙarshen watan Yuni mai zuwa.

Ƙanwarki,
Glenys

Darwin, Afrilu 2007

Yaya,

Ina fata lafiya. Na san damina ta yi ƙarfi bana, na ji filin jirginku ya zama tafki, don haka na yi ta ba ki uzuri. Amma matuƙin jirgin wasiƙu maƙwabcina ne, ya ce da hannunsa ya miƙa wasiƙata a kantinku tun kafin ruwa ya sauka. Na buga wayar ofishin garinku, aka ce kin tafi makoki wani gari. Na bar saƙo.

Dangin wasu sun amsa, mun kwashe nasu. Jiya Stavros ya ɗauko naki yana jujjuyawa, ya ce, "Ke dai ki fita shan shayi, ki dawo ki tarar an gama. Zan juya wa allon baya in kina so. Wa zai sani?" Na ce ni zan sani. Ya ce, "Wallahi ku mutanen nan, kun fi son abu ya mutu da ladabi." Na karɓe na mayar kabad.

Na fahimta, Yaya. Shirunki amsa ce. Har yanzu ni ce 'yar birnin da ba a yarda da hannunta ba. Ba zan ƙara damun ki ba, kuma ba zan taɓa shi ba.

Glenys

Gulmarri, Agusta 2008

Ƙanwata Glenys,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya hawan jinin? Ki riƙa shan maganin, kada ki yi irin tawa. Ni sukari ya taɓa mini ido, Loretta ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, in kin ga rubutun ya yi kyau kada ki yi mamaki. Na aiko miki da ƙaguwa ta hannun maƙwabcin naki mai tsegumi, ki ci ba gishiri.

Wasiƙunki biyu sun same ni. Ta biyun ta ba ni haushi. Wa ya ce miki shiru amsa ce? Ni na haife shi, amma ba ni ke da ikon cewa e ba. Ranar da ta farkon ta iso na kai wa Kawu Horace. Ya ce sai an tara kawunnan yaron duka, ɗaya yana tsibiri, ɗaya yana asibiti a kudu ana wanke masa jini. Kafin su haɗu Kawu Horace da kansa ya kwanta, bai tashi ba. Aka shiga wani makokin, kuma ba a tayar da maganar wani mamaci a kan wani. Me zan rubuto miki? In ce e, na yi ƙarya. In ce a'a, na yi ƙarya. Cewa a jira kuwa, ai na riga na gaya miki tun tuni, na ɗauka kin riƙe.

To yanzu albishirinki. An zauna, an yi hayaƙin fita daga makoki, an ɗage hani. Keziah ce ta jawo. Ta dawo daga makaranta ta ce wa uwarta, "Kowa a ajinmu yana da baba ko hoton baba. Ni nawa ko suna ba shi da shi ne?" Da aka kai wa kawunnan wannan magana, babu wanda ya iya ɗaga kai. Babbansu ya ce, "Shekara shida ta isa. A nuna wa yarinya ubanta."

Saboda haka ki kwance ƙyallen. Baƙon naki ya kalla, ya saurara, ya kwashe, mun yarda. Ki aiko mana a faifan da injin makaranta zai iya nunawa. Mun sa rana a farkon Disamba kafin ruwa ya rufe hanya. Za a kafa farin zani a filin ƙwallon, daidai inda ya tsaya ya yi waƙar, maza za su harbo dinya, agwagwar dajin nan, a ranar za a fara kiran sunansa. Keziah ta riga ta gayyaci duk ajinsu, har da malamar. Ke ma ki zo, da ke da Stavros ɗin. Akwai katifa.

Yayarki,
Rosina

Darwin, Nuwamba 2008

Yaya Rosina,

Na gaishe ki, na gaida Loretta da Keziah. Ƙaguwa ta iso, na gode. Lafiyata ƙalau, in dai jiki ake nufi. Na daɗe ban amsa ba don ina ta neman abin da zan rubuto wanda ba wannan ba.

Babu tashar Brolga, Yaya. Ban san ko kin lura ba, tunda sunan yana nan a kusurwar allo, amma daga kudu ake turo komai yanzu. An sallame mu tun Disambar bara. Ranar ƙarshe na roƙi Craig a rufe da waƙar gida ko guda ɗaya. Ya ce an riga an sayar da lokacin. Da tallan injin yankan ciyawa muka yi sallama da shekara goma sha tara.

Na'urar haya ta koma tun Yunin da na gaya miki. Da aka rufe ginin, kamfani ya yanke wuta, har da ta ɗakin sanyi. Na ce a ba ni kabad ɗin in kai gida, suka ce kayan kamfani ne, sai lauyoyi sun gama lissafi. Mabuɗi yana wuyana, ƙofar gini kuma da kwaɗonsu. Haka kabad ɗin ya yi damina guda cur a rufe, cikin zafi da damshi.

Da wasiƙarki ta zo na je na yi musu rashin mutunci har suka buɗe mini. Warin da ya fito daga kabad ɗin ba zan iya kwatanta miki ba. Duk kaset ɗin sun yi farar fumfuna, jan ƙyallen ya manne da su. Stavros bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya goge naki da auduga, ya gasa shi a tanda mai ɗan ɗumi, wai haka ake yi, ya samo tsohon inji wurin wani abokinsa. Muka sa. Allo ya yi ta yayyafi, sai ƙara kamar ruwa a kan kwano. Can sai ga wani ja ya bayyana, kafaɗa ce da igiyar jita, kafin in buɗe baki ya ɓace. Injin ya tsaya. Da Stavros ya buɗe, duk abin da ke jikin zaren kaset ɗin ya kankare ya zama baƙin gari a cikin injin. Ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, ya rufe fuska.

Zan faɗi abin da ke raina, ko da za ki ƙara shekara huɗu ba ki kula ni ba. Sau ɗaya na yi gaban kaina, kika wanke ni tas. Sau ɗaya na bi ƙa'ida na jira, ga abin da jira ya haifar. Layi ɗaya ya ishe ni, Yaya. Ki ce ana kan magana, ki ce kada in fid da rai. Da na san amsar e tana tafe, da na fita shan shayin nan.

Ga kaset ɗin na haɗo da wannan wasiƙa. Naku ne. Ba zan iya zuwa ba, ba ni da idon da zan kalli yarinyar.

Glenys

Gulmarri, Disamba 2008

Glenys,

Muna nan da rai. Saƙonki ya iso ana saura kwana kaɗan, an riga an share fili, an ɗinke zanin, mutanen tsibiri suna hanya. Ba a fasa ba, don ba a mayar da baƙi, kuma an riga an yi hayaƙi.

Kin ce layi ɗaya. Ni kuma na ce da kin fita shan shayinki kin rufe bakinki, da yau na zage ki na kuma rungume ki. Kin zaɓi ki zama mai biyayya a ranar da ba ta da amfani. Ni na koya miki, na sani, ba sai kin tuna mini ba. Loretta ta ce kada ta rubuta wannan, na ce ta rubuta.

An kafa zanin, an ci dinya, yaran ajinsu sun zauna a gaba sun naɗe ƙafa. Babban kawu ya miƙe ya yi bayani, ya miƙa wa Keziah kaset ɗin. Ta jujjuya shi, ta kara a kunne. Sai ta ja zaren ta ɗaga shi saitin rana tana bi a hankali, tana neman ɗan mutum a ciki. Ta ja, ta ja, har ya taru a cinyarta. Wani yaro ya ce, "Ina baban naki?" Ta ce masa, "Ka yi shiru, ban kai wurin ba tukuna."

Da aka watse ta zo ta zauna a jikina ta ce, "Kaka, to ke ki yi mini yadda muryarsa take." Na buɗe baki, Glenys, babu. Shekara shida ina toshe kunne ina korar muryar nan duk lokacin da ta zo mini, don haka aka ce in yi, kuma na iya aikina. Ta tafi. Ko ɗan kiɗan tsuntsun na nema a kaina, ganga kawai nake ji.

Ke kin ji kiɗan nan sau ba adadi a wurin aiki, kuma ke ce mutum ta ƙarshe da ta ga kafaɗarsa. Don haka maganar ba ki da ido ba ta taso ba. In ruwa ya janye ki hau jirgin maƙwabcinki ki zo, ki zauna gaban yarinyar nan ki rera mata abin da kika tuna, ko da muryarki irin ta kwaɗo ce. Ba roƙonki nake yi ba.

Har yau ba ki taɓa ganin na rubuta sunansa ba. Na karɓi alƙalamin daga hannun Loretta, in ya karkace ki yi haƙuri, ba na gani sosai. An ce yanzu kowa na iya faɗa, kuma shi kaɗai muka samu muka ba ta.

Alwyn.

Yayarki,
Rosina